Fentin Jirgin Razdan

Bunu yana durƙushe a gindin jirgin yana gurzar cikinsa da samfefa, baƙin garin ƙarfe ya rufe masa hannu har gwiwa. Jirgin ruwa ne na alminiyam mai inji, an sauke shi a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori aka jawo shi Haɗejiya, domin Razdan, babban Baturen lardi, zai zo rangadin duba ambaliya ranar Asabar. Shekarar Bunu goma sha ɗaya yana fenti a ma'aikatar ayyuka, ya kuma san halin wannan ƙarfe: santsi gare shi, ba ya riƙe fenti sai an kankare shi, an wanke da ruwan tsami, an shafa fenti ruwan ɗorawa na ƙasa, sannan fari. Jiya ma da Baturen ayyuka ya nemi a gama a yini ɗaya, Bunu ya tsaya kai da fata cewa sai kwana uku, in ba haka ba fentin zai saɓule kamar fatar maciji.

Ya gama shafin farko ke nan, wajen azahar, sai ga ƙanensa Gana, wandonsa jiƙe da taɓo har ƙugu.

"Yaya, ruwa ya ci garinmu. Mutane duk suna kan tudun maƙabarta."

"Iya fa?"

"Kwana biyu ke nan tana amai da gudawa. Ko zama ba ta iyawa. Kwalekwalen Auta mai fito ya kife, sauran kuwa ruwa ya tafi da su. Ni ma da gora na haye."

Garin nasu yana can bayan garin Baturiya. Bunu ya dubi jirgin. Da injin nan, kafin magariba an kawo ta asibiti.

Ya goge hannu ya nufi ofishin Baturen ayyuka, ya cire takalmi a ƙofa. Shu'ibu tafinta ya juya maganarsa. Baturen ya saurara har ƙarshe, ya ma ajiye alƙalaminsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Ya ce ya tausaya maka," in ji Shu'ibu. "Amma ya ce kai da bakinka ka faɗa masa jiya, in ruwa ya taɓa shafin nan kafin ya bushe, aikin ya lalace."

"Ranka ya daɗe, sai in sake. Ko ba barci zan sake shi."

"Ya ce gwangwani ɗaya aka aiko daga Kano, ka kuma riga ka shafe shi." Shu'ibu ya sunkuyar da kai. "Ya ce ranar Asabar za a bi ta wajenku. Ka yi haƙuri, Malam Bunu."

Bunu ya koma rumfar da jirgin yake. Ya karɓo gishirin magani a wurin malamin asibiti ya ba Gana.

"Kai ba za ka zo ba?"

"In na tafi wa zai gama? In ban gama ba jirgin ba ya tashi."

Gana ya karɓi maganin. Ya ɗaure ƙullin a ka, ya juya.

Bunu ya yi ta tsinka farin fentin da kananzir don ya yi saurin shan iska, yana shafawa siriri siriri, yana fifita shi da faifai kamar mai jinya. Ranar Juma'a da yamma ya danna babban yatsansa a jiki, bai kama ba.

Asabar aka sa shi a bayan jirgin da tsumma, don goge taɓo. Suka ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, Razdan yana rubutu a ɗan littafi. Da hantsi tudun ya bayyana, mata da awaki cunkushe a kansa. Gana yana tsaye a bakin ruwa da fartanya a hannu, ɗanyar ƙasar sabon kabari a ƙafafunsa. Bai ɗaga hannu ba.

Razdan ya shafa gefen jirgin ya ce wani abu.

"Yana tambayar wanda ya yi fentin," in ji Shu'ibu ƙasa ƙasa. "Ya ce aiki ya yi kyau."

Bunu ya ninke tsumman ya ajiye a kan benci. Ya zura ƙafa cikin ruwan, ya kai masa ƙirji, ya nufi tudun. Shu'ibu ya kira shi sau biyu, sannan ya bari.