Shuɗiyar Ƙofar Maƙwabci

Tun da hantsi Uba ya kasa zama wuri ɗaya. Ya share gaban rumfa, ya jera bokitai, ya rushe ya sake jerawa, ya leƙa titi ya dawo. Yau Madam Ladidi za ta zo daga Jos, 'yar kasuwar da ke sarin kayan roba mota guda, kuma a shafinsa na intanet ta gano shi. In ta saya, injinsa ɗaya tilo zai ci gaba da juyawa. In ba ta saya ba, sai ya sallami ma'aikatansa ya koma roƙon aiki a kamfanin da ya baro.

Kamfanin nan kuwa katanga ce kawai tsakaninsu a Sharaɗa. Shi ma bokiti yake bugawa, sai dai ƙofarsa shuɗiya ce, ƙatuwa, tirela na shiga a sake. Ta Uba langa-langa ce a cikin lungu, sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce.

Matarsa Sa'adiya ce ta haɗa masa shafin, da yake ta karanci kwamfuta. Ta sa hotunan bokitai kala-kala, ta sa lambar waya, komai tsaf. Da aka zo kan hoton wuri ne suka yi ta ja-in-ja.

"Baban Rumaisa, ku bari in ɗauki ƙofarmu," in ji ta. "Amfanin shafi ai mutum ya zo ya tarar da abin da ya gani."

"Wannan langa-langar? Wa zai taso daga wani gari saboda ita? Kowa a Sharaɗa da shuɗiyar ƙofa yake kwatancenmu. Kwatance ne kawai."

Gaskiyarsa, haka masu adaidaita ke kwatancen. Amma wanda kwatance kawai yake so ba ya cin kwalliyar Juma'a ya tsaya gaban ƙofar wani yana murmushi a ɗauke shi hoto. Kunyar ƙofarsa yake ji, shi ke nan. Sa'adiya ta ɗora hoton ba don ranta ya so ba.

Aka yi azahar, shiru. Lemon da ya sayo wa baƙuwa ya huce. Ya ɗauki waya ya ajiye, kada ta ce ya matsu. Ya sake ɗauka. Daga ƙarshe dai ya kira.

"Madam, kin shigo gari kuwa?"

"Ah, Malam Uba! Ai tun ɗazu ina ciki. Hoton na nuna wa mai adaidaita, ya dire ni a bakin ƙofa. Na tambayi mai gida, aka ce ya fita. Yaranka har sun gama lodi."

Uba ya fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Ga shuɗiyar ƙofa a wangale, ga mota tana fitowa, bokitai sun yi tozo an ɗaure da igiya. Wata mata a gaban mota ta gane shi ta ɗago masa hannu.

Ya kama murfin motar yana haki. "Madam, nan ba nawa ba ne. Nawa ga shi can."

Ta bi yatsansa da kallo har cikin lungu, ta daɗe tana duban langa-langar. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Da ita ka sa, da can zan shiga," ta ce. "Ni bokiti na zo saya, Malam Uba. Yanzu kuma an riga an gama ciniki."

Direba ya ja mota. Uba na tsaye a tsakiyar titi, adaidaita na kauce masa, sai waya ta yi ƙara a hannunsa. Sa'adiya ce.

"Baban Rumaisa, ya ake ciki? Ta gane wurin?"

"Ta gane," ya ce. "Daidai inda na nuna mata ta je."