Ashe Umma Doguwa Ce

Ni ce auta a gidanmu, kuma tun da na yi wayo a zaune na san Umma. Ina da shekara biyu ta yi hatsarin mota, bayanta ya taɓu. A kan keken guragu na tashi na gan ta, a kai take girki, a kai take yi mana faɗa.

Bayan rasuwar Baba, ni da Yaya muna kwashe kayan ɗakinsa muka ci karo da wani kwali a saman sif. Kaset ɗin bidiyo ne guda bakwai, babu rubutu a jikinsu sai lamba. Yaya ya ce a zubar, tunda ko na'urar kallonsu babu yanzu. Na ce a bar mini.

Wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancen shagon wani dattijo mai gyaran talabijin, a bayan layin masu ɗinki. Shagon ya cika da matattun rediyoyi har sai mutum ya karkace yake shiga. Ya ɗauki kaset ɗaya, ya danna gefensa murfin ya ɗaga, ya duba zaren a hasken ƙofa.

"Fumfuna ta fara cin su," in ji shi. "Sai na goge a hankali. Kuma aikin ba ya son gaggawa, 'yata. In kaset na awa uku ne, awa uku kwamfuta za ta zauna tana kallo."

Ranar Asabar da hantsi na koma. Ya juye shida, na bakwai yana cikin na'ura. Ya turo mini kujera. Wasan ƙwallo ne Baba ya ɗauka daga talabijin, har na fara hamma. Da wasan ya ƙare hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, sai ga tsakar gidanmu.

"A kan wani abu ya ɗauki ƙwallon," in ji dattijon. "Wannan ragowar na ƙasan ne."

Bishiyar lemonmu, wadda yanzu ta wuce rufin gida, ko kafaɗar mutum ba ta kai ba. Hadari ya haɗo, iska tana kaɗa shanya. Wani farin zanin gado ya fizge daga igiya ya yi sama. Sai wata mace ta fito daga kicin da gudu, doguwa, ba takalmi. Ta tsallake kwata da tsalle ɗaya, ta miƙa hannu ta cafke zanin a iska kafin ya haye katanga. Ta juyo tana haki tana dariya.

"Kai kana tsaye kana ɗauka? Zo ka kama mini!"

Muryar na gane. Da ita ake tashina makaranta shekara da shekaru.

Ban san na miƙe ba. Na matsa har numfashina yana taɓa gilashin. Ta kwashe shanyar ba tare da ta yi ɗage ba. Ta sunkuya ta ɗauki wata jaririya daga tabarma, ta saɓa ta a kafaɗa, kuma da za ta shiga ɗaki sai da ta ɗan duƙar da kai saboda ƙofa. Minti huɗu ne duka. Daga nan allon ya koma shuɗi.

Dattijon ya cire kaset ɗin daga na'ura. Ya jira na zauna, sannan ya sa mini a filasha, ya tura wani a wayata. "Ki ajiye a wuri biyu," ya ce. "Zaren nan ba zai sake jure wani kallon ba."

Da la'asar na sami Umma a falo tana gyaran wake, Yaya yana gefe. Na haɗa filashar da talabijin ban yi bayani ba. Ta kalla har ƙarshe, hannunta a cikin faranti bai motsa ba. Yaya, wanda yake da shekara tara a lokacin hatsarin, ya ce a hankali, "Wallahi na manta. Ta fi Baba tsawo."

"Da yatsa huɗu," in ji Umma. "Shi ya sa ba ya yarda mu yi hoto a tsaye. Mayar mini wajen tsallen."

Na mayar. Ta sa na sake, har sau biyar. A na ƙarshe ba ta kalli talabijin ba, ni ta kalla.

"Auta, tashi ki je bakin ƙofa ki dawo."

Na tashi na je, na dawo, duk na tsargu. Yaya ya dubi allon, ya dube ni, ya dafe baki.

"Kin gani?" in ji Umma. "Tafiyata ce kika ɗauke, har jefa ƙafar hagun. Kullum ina kallonki kina wucewa da ita. Na so in faɗa miki tuntuni, to amma da me zan nuna miki?"

Ta jawo farantinta ta ci gaba da tsince waken. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar falo, na rasa yadda zan ɗaga ƙafa.