Maɗacin Inna Habsu

"Goya ni, Sahura," in ji Inna Habsu. "Kai ni gindin iccen."

Ƙarar injin yankan katako ce ta tayar da ita, tsohuwar da ta yi mako uku ko juyi sai an yi mata. Ɗanta Jabiru ne ya sayar wa masu haƙar zinaren Bagega maɗacin bayan gida, su tokare ramukansu da shi. Ɗan albarka, ko haƙurin uwar ta rufe ido bai yi ba. Shi kaɗai ne maɗacin da ya rage a unguwar, kuma da sassaƙensa Inna ta shekara arba'in tana korar zazzaɓi da ciwon ciki.

Sahura, maƙwabciyar da zana kawai ta raba su, ta goya ta. Rashin nauyin tsohuwar ya sa ta ƙwalla.

"Inna, ki koma ɗaki," in ji Jabiru. "An gama magana."

"Ku kada shi," ta ce, ta jingina da kututturen. "Amma bisa kaina za shi hwaɗi."

Lirwanu mai injin ya kashe abinsa. "Ni ban saran icce da uwar wani ƙarƙashi nai."

Kwana uku kullum nan take yini, tana koya wa Sahura da muryar da sai an sunkuya ake ji. "Tahin hannu guda gabas, guda yamma. Kak ki zagaye shi, kashe shi za ki yi. Jar kanwa kaɗan. Mai ciki kat ta sha."

Ranar Laraba da hantsi ta cika, a wurin.

Ƙasar kabari ba ta bushe ba Jabiru ya dawo da Lirwanu. Suka tarar da Sahura a gindin itacen da ɗan gizago. Ba ta matsa ba.

"Gadona na, Sahura. Kauce."

"Awo, gadonka na. Ɗiyarka Rufaida na kwance da masassara tun jiya. Matarka ta aiko ni."

Jabiru ya ja da baya. Lirwanu ya sauke injin daga kafaɗa, ya zauna a kansa.

Sahura ta sassaƙi gabas, ta sassaƙi yamma, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta kwaɓa laka, ta juya musu baya, tana shafe wa itacen raunin a hankali.