Gwajin Jinin Saartje

Shekara goma sha tara Douwe yana zaune da mesarsa Saartje. Irin bowa ce, kaurinta ya kai damtsen ƙato, ga sanyin hali, ko huci ba ta taɓa yi masa ba. Tun da ya yi ritaya daga aikin ɗaga gada don jiragen ruwa su wuce a garin Akkrum, rabin hirarsa da ita yake yi. Yana shan kofi yana karanta mata jarida, ita kuwa tana kwance cikin akwatin gilashinta tana zaro harshe.

Da aka sa ranar yi masa aikin ƙugu, sai ya kai ta gidan ƙanwarsa Tjitske a Grou. Ita ma tana kiwon ƙananan mesa guda huɗu, irin masu dunƙulewa in sun tsorata. Saartje ta yi sati uku a ɗaki ɗaya da su, ta dawo gida lafiya lau.

Bayan wata biyu, wata safiya Tjitske ta kira shi.

"Yaya, zo ka ga Pim. Ban gane masa ba."

Pim shi ne ƙaramin cikinsu. Douwe ya tarar da shi ya ɗaga kai sama, ya ƙura wa rufin akwati ido, kan yana karkarwa. Tjitske ta kifar da shi a tafin hannunta, ya yi ta murɗawa ya kasa juyowa.

"Jiya ma ya amayar da ɓeran da na ba shi," in ji ta.

Likitar dabbobi, wata matashiya mai suna Marrit, ta duba Pim da kyau. Sannan ta tambaya ko wani baƙon maciji ya shigo gidan. Tjitske ta kalli yayanta.

"Tawa ce," in ji Douwe. "Amma ƙalau take, Likita. Ci take kamar gara."

"Na yarda, Baba. Duk da haka kawo ta mu ɗebi jininta."

Kwana goma sakamakon ya fito. Marrit ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Wata ƙwayar cuta ce da ke tara ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin jikin maciji. Bowa takan ɗauke ta shekaru ba alama, amma in ta kama ƙaramar mesa sai ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta jinkiri. Ana zargin ƙananan kaskar macizai da yaɗa ta. Magani babu. Pim kam an riga an yi masa allurar hutawa, sauran ukun an raba su ɗaki-ɗaki.

"Saartje fa?"

"Wasu sukan ce a yi mata allura yanzu. Ni dai ba zan matsa maka ba. Tana iya ƙara shekaru, amma ita da wani maciji har abada."

Douwe ya koma gida ya zauna gaban akwatin. Saartje ta yi saɓa kwanan nan, fatarta sai sheƙi take. Ya rasa ta inda zai ji haushinta. Jaridar ma ranar bai buɗe ba.

Sati uku bai taka Grou ba. In Tjitske ta kira, sai ya ce ƙugun ne ke damunsa. Ran wata Asabar da hantsi ya ji ƙararrawar keke a ƙofa, sai ga ta da tukunyar miyar wake a kwando.

"Ƙugu ko kunya?" ta ce tun kafin ta cire rigar sanyi. "Jiya an gan ka a kasuwa kana tafiya kamar ɗan tsere."

"Tjitske, ni na kashe miki Pim."

"Kai da wa? Ɗauko kwanuka, tsoho." Ta ɗora tukunyar a wuta. "Shekara nawa ina yi wa sababbin masu kiwo wa'azi a ƙungiyarmu ta masu macizai, baƙon maciji ɗakinsa daban har wata shida? Da ta yayana ta zo, sai na ce ai 'yar gida ce. Har kaska na gani a kwanon ruwan Pim, na ce sai Litinin. In rabon laifi za a yi, nawa ya fi naka kauri."

Douwe ya shiga jera cokula.

"Kin yi kuka?"

"Na yi mana. Kwana biyu. Kai kuma ka bar ni ni kaɗai, mai gada sarkin gudu."

Suka ci miyar da gurasa baƙa. Da za ta tafi ta tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba, ta leƙa Saartje.

"Kar ka yarda a yi mata allura tana cin abincinta," ta ce. "In lokacin ya yi, za ka gane."

Daga nan suka tsara abinsu. Duk ranar da zai je Grou, sai ya yi wanka ya sake kaya, ya bar takalmansa a waje. Tjitske takan shinshina shi a ƙofa ta ce rabonsa da tsabta irin wannan tun ranar aurensa. Bayan wata shida aka sake gwada macizanta uku, aka same su lafiya.

Saartje ta ƙara shekara huɗu. A bazara ta biyar ta fara amai, ta rame, wata safiya ta kasa juyawa. Douwe bai jira ba. Tjitske ce ta tuƙa motar, shi yana baya da Saartje cikin jaka a cinyarsa, hannunsa a kai har suka isa wurin Marrit, ta yi mata allurar hutawa.

Akwatin gilashin bai ba kowa ba, don gudun kada cutar ta bi shi. Ya wanke shi tas, ya fitar da shi bayan gida ya zuba ƙasa ya shuka tumatir. Tjitske ta ce tsami gare su, amma duk zuwa sai ta cika kwandon kekenta.