Marmarin Malam Manu

Kwana shida ke nan Malam Manu bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Zamewa ya yi a bakin rijiyar gidansa a Gwaram, ƙashin cinyarsa ya karye, aka kawo shi asibiti a Birnin Kudu aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau, likita da kansa ya faɗa. To amma tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu ba ya warkewa da ƙarin ruwa kaɗai, kuma kullum sai ƙara zubewa yake a kan gadon.

Ranar Talata da safe likitan ya ja 'yarsa Nasiha gefe.

"Malama, idan na zagayo ranar Alhamis bai ci komai ba, roba za mu zura masa ta hanci, mu riƙa ba shi abinci ta nan."

Ya yi ƙasa da murya, amma ƙafar Malam Manu ce ta karye, kunnensa lafiya lau. Ya jira sai da likitan ya wuce gado na gaba, sannan ya ce ranar da aka kawo robar nan, a ranar za a sa shi a mota a mayar da shi Gwaram, ya cika a ɗakinsa. Nasiha ta san mahaifinta, ba ya faɗin magana sau biyu.

Ba abin da ba ta dafa ba. Ta dama kunun gyaɗa, ta yi faten tsaki, ta yi farfesun kaza, ta aika har Wurno aka samo mata kindirmo mai kyau ta dama fura. Yadda kwanukan suka zo haka suke komawa, sai ta raba wa majinyatan gadajen kusa, su kam har sun fara yin kumatu.

Ba kuma rashin kulawa ba ne. Ƙaninta Hadi yana aiki a Fatakwal, sai Juma'a zai samu hutu, don haka mijinta Munzali ne ya ɗauki jinyar. Allah ya yi surukai, amma irin Munzali sai an tona. Ya rufe shagonsa na ɗinki, ya shimfiɗa tabarma a gefen gadon, nan yake salla, nan yake kwana. Ko magani za a sayo sai dai Nasiha ta je, shi ba ya matsawa. Da zarar an buɗe kwano zai wanke hannu, ya ɗebo a cokali, ya kai har bakin tsohon yana cewa, "Baba, ko loma ɗaya, don girman Allah." Malam Manu sai ya juya fuska bango. Duk ɗakin ana yaba Munzali, shi ma dai yana jin daɗin yabon, ba a rasa ba.

A yammacin Talatar Nasiha ta durƙusa a bakin gadon, ta kasa riƙe kukanta.

"Baba, ka faɗi abin da ranka yake so. Ko mene ne, wallahi zan nemo."

Ya ce, yana kallon silin, "Fikan fai. In ba shi ba, ku rabu da ni."

Ita da Munzali suka kalli juna. Sunan ba baƙo ba ne a wajenta, ta sha jin sa tun tana yarinya, cikin labaran Amurka da yake ba su bayan sallar la'asar. Malamin gona ne shi, kuma kafin a haife ta an tura shi kwas na wata tara a kudancin ƙasar, kan noman gyaɗa. A gidan wata tsohuwa baƙar fata ya sauka, mai wata doguwar bishiya a bayan gida.

"Bishiyar ita ce fikan," in ji shi, muryarsa a dusashe. "A bakin koguna take fitowa. Mutanen ƙasar na asali su suka fara tsintar 'ya'yanta tun kafin Turawa su je, sunan ma nasu ne. In ka fasa, cikin dogo ne mai tsaga kamar ƙwallon dabino, ga maiƙo. Sai tsohuwar nan ta murza fulawa ta shimfiɗa a faranti, ta kaɗa ƙwai da sukari da wani ruwan zaƙi da suke yi da masara, ta zuba, ta jera 'ya'yan a kai, ta gasa. Lokacin kaka suke ci, ranar bikin godiyarsu. Saboda ni ta daina sa kitsen alade, ta koma man shanu. Sama ƙus-ƙus, ciki da danƙo. Har takardar yadda ake yi ta rubuta mini, tana cikin akwatina."

Rabonsa da doguwar magana haka tun kafin ya faɗi. Maimakon ta ji daɗi, sai ta tsorata, don a bakin ƙofa ta ji wata mai jinya tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa idan tsoho ya fara marmarin abin ƙuruciyarsa, haramar tafiya yake. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma maganar ta bi ta har gida.

Sassafe ranar Laraba ta fara da kasuwa. Mai shagon kayan kek ya ce bai taɓa ji ba. Wani ya miƙo mata dabino, wani ya ce wataƙila a Abuja. Ta duba waya, ta ga girkin kala goma, kowa da nasa awon, kanta ya ƙara ɗaurewa. Sai ta shiga motar Gwaram, ta zauna tana lissafin awoyi, direban kuwa ko a jikinsa, duk ƙauyen da ya gani sai ya tsaya.

Goggo Hapsatu, yayar mahaifinta, ita ta buɗe mata ɗakin. Ta haura tamanin, ba a gaya mata gaskiyar halin da ake ciki ba, ta ɗauka Hadi ne a wajensa, kuma Malam Manu yana cin tuwonsa. Nasiha ta janyo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado tana zazzage takardu, Goggo kuwa ta samu mai saurare.

"Amurka! Ai da ya dawo mun ga ikon Allah. Kwat da wando, ga wata igiya a wuya, yana ce mana a tafasa ruwan sha. Na ce shi ke nan, Manu ya zama Bature. Sai ya je Sundimina gaida iyayen uwarku. Kwana biyu ya yi, aka yanka masa zabi, aka kai nono, ko ɗanɗanawa bai yi ba. Ya dawo nan yana layi kamar zai faɗi, ya laɓe bayan rumbu ya shanye ƙwaryar fura guda. Na ce a'a, ashe Baturen namu na sama-sama ne."

"Haka ne, Goggo," in ji Nasiha, ba tare da ta ɗago ba. Ta ga takardar, a ninke cikin wani tsohon fasfo, ta yi ja, rubutun ya dushe amma yana karantuwa. Goggo ta cika mata kwalba da zuma, ta ƙulla mata man shanu da gyaɗar gonar gidan, ta ce a gaida mai jiki.

Azahar ta yi kafin ta iso gidanta. Takardar ta ce kofi ɗaya, ba ta ce wane kofi ba. Ta faɗi zafin da za a sa wa abin gashi, ita kuwa Nasiha abin gashinta tukunya ce da yashi a ciki, garwashi ƙasa, garwashi a kan murfi. Ruwan masara babu, ta sa zuma. Fikan babu, ta soya gyaɗa ta murje ɓawon ta jera. Ta rufe, ta tsaya a kai tana salati.

Na farkon ya ci amanarta. Zumar ta tafasa ta malalo, gefen ya ƙone ƙurmus, tsakiya kuwa ruwa tsululu. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta dubi inuwar katanga ta ga ta fara tsawo. Gobe warhaka ko an zura roba, ko suna kan hanyar Gwaram da tsoho mai ɗanyen ɗinki. Ƙwai uku suka rage mata. Ta share fuska da bakin zani, ta rage garwashin, ta rage zumar, ta sake murza fulawa. Wannan karon ba ta buɗe murfin ba sai da ƙamshi ya cika tsakar gida. Ta girgiza farantin a hankali, tsakiyar ta ɗan motsa ta tsaya. Ko haka ake so, ko ba haka ba, ita dai ba ta sani ba. Ta naɗe shi a tawul, ta tare ɗan acaɓa.

Ana gab da rufe lokacin dubiya ta shiga. Munzali ya tashi da murna, ya tada kan gadon, ya gyara wa tsohon matashi. Ta buɗe tawul ɗin, ta yanka ɗan yanki a ƙaramin faranti. Malam Manu ya dube shi, ya dubi takardar da ta ajiye a gefe, sannan ya dube ta. Ba murna ta gani a idonsa ba. Kallon wanda aka ritsa ne, wanda bai taɓa zaton za a kawo abin da ya nema ba.

Amma ƙamshin ya kai masa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ga hannunsa ya taso daga kan zanin gado, ya nufi farantin.

"Alhamdu lillahi!" in ji Munzali. Ya yi wuf ya ɗauki cokali, ya matso har gwiwarsa na taɓa gadon. "Kawo in ba ka, Baba. Buɗe bakin."

Hannun ya koma inda ya fito. Malam Manu ya juya fuska bango.

Nasiha ta yi tsaye da wuƙa a hannu. Sai yanzu maganar Goggo ta shiga kunnenta, zabi da nono da kwana biyu a Sundimina. Ta shiga laluben shekara goma sha ɗaya na aurenta, ko da rana ɗaya da ta ga mahaifinta ya kai loma baki a gaban Munzali. Babu. Ko da Salla, ɗakinsa ake kai masa ya saki labule. Su kuwa sun ga mai jin Turanci, mai karanta jarida, wanda ya hau jirgi, suka ɗauka ya bar kunyar suruki a rugar kakanninsa. Suka kwantar da shi inda ba ya iya tashi, suka dasa masa surukin a ka dare da rana da cokali a hannu. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya nemi abin da ya tabbata babu shi a Birnin Kudu. Haushin kanta ya kama ta, tausayinsa kuma ya fi haushin.

"Baban Na'ima," ta ce wa mijinta, da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba, "na baro garwashi a buɗe a tsakar gida, ga yara. Don Allah ka je ka duba, ka yi magariba a can."

"Yanzu? Baba fa bai..."

"Yanzu, don Allah."

Ya ajiye cokalin ba da son ransa ba, ya sa takalmi, ya fita yana waiwaye. Ta ja labulen gadon ta zagaye shi. Ta ɗora farantin a kan cinyarsa mai lafiya, ta sa cokalin a gefe, sannan ita ma ta juya masa baya, ta zauna a bakin tabarmar tana kallon ƙafar gadon maƙwabci.

Ta kasa kunne. In ta yi kuskure fa? In cutar ce da gaske?

Sai ta ji cokali ya taɓa faranti. Ya sake taɓawa. Daga nan ya shiga yi da sauri, da saurin da ba ta taɓa jin mahaifinta ya ci abinci ba, yana numfashi sama-sama a tsakanin loma. Ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta. Da ƙarar ta tsaya, ta miƙa hannu ta baya ta tura masa babban farantin, ba ta juyo ba.

Sai da ya ajiye cokalin sannan ya yi magana.

"Gyaɗa ce wannan."

"Ita ce, Baba. Ta gonarka."

"Tsohuwar nan da ta gani da ta yi dariya." Ya ja numfashi. "Amma ya ciwu. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Ta ji yana goge baki da tawul. Da ya sake magana, muryar ta yi ƙasa sosai, sai da ta karkato kunne.

"Yaron nan mutumin kirki ne. Kwana bakwai a kan tabarma, ko ɗan cikina iyakar abin da zai yi ke nan. Kada ki kuskura ki gaya masa."

"Ba zan gaya masa ba."

"Ki ce masa riɗina ya isa yanka a Gwaram, in aka bar shi zai zube. Ki ce na ce ba wanda na yarda ya tsaya a kai sai shi. Ya tafi gobe da sassafe, kafin a kawo kunu."