Baƙon da Ya Ci Burodin Goɗiya

Waɗanda wannan labari ya shafa mutum uku ne, sai dabba ɗaya. Akwai ni, Wiebe Boonstra, manomi a wani ƙauye na Friesland. Akwai matata Tjitske, wadda tukunyar gidan da ni kaina duk a hannunta muke. Akwai baƙonmu Fergal Mulqueen, mutumin Ireland, wanda ya shekara talatin yana rabon wasiƙu kafin ya ajiye aiki. Dabbar kuwa goɗiyarmu ce, Baukje.

Kowane watan Afrilu, idan tsuntsayen fadama suka zuba ƙwai cikin ciyawa, mukan sauki mai aikin sa kai. Aikinsa ya bi fili yana kafa kara kusa da kowace sheƙa, domin mai injin yankan ciyawa ya kauce mata. Ladansa makwanci da abinci. Fergal ne ya faɗo mana bara, kuma wannan ce fitarsa ta farko daga ƙasarsu.

Da ya iso, Tjitske ta zuba masa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙa masa.

Ya ce, "Haba, Uwargida, kada ki wahalar da kanki."

Ta rufe gwangwanin ta mayar da shi kan kantar kicin. Na ga ya bi shi da ido, na ɗauka zanen jikin gwangwanin ne ya burge shi.

Ƙarfe biyar ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu, kamar kullum. "Wiebe, dankali nawa?" Na ce huɗu. "Baƙo, kai fa?"

"Ni? Ai na ci a jirgi, a ƙoshe nake."

Ta fere bakwai, nawa da nata. Ƙarfe shida muka ci. Shi kuwa ya zauna tare da mu yana yabon ƙamshin, har tururin ya yaba.

Washegari da safe ya ce kofi ya ishe shi, aka bar shi da kofi. Da yamma, da ta tambaye shi dankali nawa, ya ce, "To, ɗan ƙarami guda, idan babu takura." Tjitske ta durƙusa ta bincike buhu har ta samo masa ɗaya kamar ƙwan tantabara.

Muna wanke kwanuka ta ce mini, "Wataƙila azumi yake yi."

Na ce, "Ko ciki ne ya ɓaci."

"Ba ruwanmu. Babba ne, ya san bakinsa."

Ban ga laifinta ba. A wurinmu wanda ya ce a'a ya gama magana, sake tambayarsa kuwa daidai yake da ce masa maƙaryaci.

Rana ta uku muna cikin fili, na waiwaya na hango shi durƙushe a kan wata sheƙa mai ƙwai huɗu, ya daɗe bai motsa ba. Na ce, "Fergal, kara ake kafawa, ba a tsayawa gaisuwa."

Ya haɗiyi yawu ya ce, "Ikon Allah nake kallo, Maigida."

A ranar ne busasshen burodin da muke tara wa Baukje a kwando ya ragu. Tjitske ta tsare ni a bakin ƙofa. "Tsoho, da haƙoranka uku kake satar abincin doki?"

"Huɗu ne, kuma ban taɓa ba."

"To, goɗiyar ce ta koyi buɗe kwando?"

Rana ta huɗu da tsakar rana muka ji hayaniya a barga. Muka tarar da Fergal riƙe da gefe ɗaya na burodi, Baukje ta cije ɗaya gefen, kowa na ja. Yana ce mata, "Saki, 'yar'uwa, ke ai kina da ciyawa!"

Tjitske ta riƙe ƙugu. "Bawan Allah, me kake yi?"

Ya saki, goɗiya ta yi nasara. Ya cire hula ya ce, "Uwargida, yunwa. Kwana huɗu."

"Ba ni na tambaye ka ba? Ka ce ka ƙoshi!"

"Sau ɗaya kika tambaya! A gidanmu wanda ya karɓa a tayin farko, uwarsa ake zagi. Ki taya, in ƙi. Ki sake, in ƙi. A na uku ki ɗan ɓata rai, sannan in ce to, don ke."

"Wato ƙarya ka yi mini."

"Ladabi ne."

"Ladabin da ya kai ka kokawa da doki?"

Ya ce ya ma rubuta wa ƙanwarsa cewa ya sauka wurin mutanen kirki masu tsabta, sai dai sukan zaunar da baƙo su ci yana kallo. Tjitske ta yi ja har kunnuwa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa jin an ce mata marowaciya ba.

Ƙarfe biyar ta fito da wuƙarta, ta tsaya a kansa, ta haɗe rai tun kafin ta buɗe baki. Cikin numfashi ɗaya ta ce, "Za ka ci, za ka ci, za ka ci? Sau uku ke nan, raina kuma a ɓace yake. Nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "To, don ke. Goma sha ɗaya."

Ta fere goma sha takwas. Ya cinye nasa, ya taimake ni da cinye ɗaya daga nawa, wanda ba wanda ya taya masa ko sau ɗaya. Bayan nan ta sa shi ya zauna ya sake rubuta wa ƙanwarsa wasiƙa, tana tsaye a bayansa har ya sa hannu. Ni dai har yau ba a ba ni haƙuri kan zancen burodi ba.

Abin da idona ya gani ke nan. Inda na ƙara ko na rage, mai karatu ya gyara mini, ban da lissafin haƙora.