Kawu Mahinui Mai Kiran Shak

Shekara shida na yi ina shiga da baƙi ƙarƙashin teku a jirgin Armel. Ɗakuna shida ne a jirgin. Mukan kwashi mutum goma sha biyu daga tsibirin Fakarava mu yi kwana goma muna zaga tsibirai, a ciki suke ci, a ciki suke kwana, sau uku a rana su goya tulun iska su bi ni cikin ruwa. Abin da ya kawo su ɗaya ne, kifin shak. Mutum ya baro Jamus ko Kanada, ya kwana biyu a jirgin sama, don ya zo ya kwanta a kan dutse yana kallon kifin da kakata take kora da sanda in tana wanke tukunya a bakin ruwa.

Armel Bafaranshe ne. Hutun wata ɗaya ya zo yi, shekara ashirin ke nan bai koma ba, kuma har yau bai iya faɗin sunana ba. Sunana Teroro. Shi Tero yake cewa, wai sauran ya yi masa tsawo.

Kawu Mahinui, ƙanen mahaifiyata, shi ne makanikinmu. Ya kusa sittin, ga tumbi ga furfura, kuma rabonsa da sa kai cikin ruwa tun yana saurayi, lokacin da kunnensa ya fashe wajen nutson ciro kawa mai lu'ulu'u. A ɗakin inji yake wuni, shi da injin da ke cika mana tulu da iska. Baƙi sukan yi kwana goman nan ba su san yana cikin jirgin ba.

Wata safiya muna bakin mashigar ruwa, inda teku ke shiga tafkin da ke tsakiyar tsibiri, baƙi sun gama shiri suna zufa a cikin rigunan roba, sai injin ƙaramin kwalekwale ya ƙi tashi. Aka kira Kawu. Ya ja igiya ya ja, ya gaji, sai ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwa biyu sama, sun yi baƙi ƙirin da mai, ya shiga zagi da yarenmu. Ya zagi injin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi Armel da ke sayen kayan gwanjo, ya haɗa da kakannin Armel. Da ya sake ja, inji ya tashi.

A nutson nan muka ga shak mai kan guduma har uku, manya, suka wuce ta samanmu a hankali. Ni kaina sau biyu ko uku nake ganinsu a shekara. Muna fitowa wata mata daga Kalifoniya mai suna Darlene ta cire gilashin idonta tana hawaye.

Ta ce da ni da Turanci, "Tsohon nan ne ya kira su. Na gan shi yana addu'a."

Na ce, "Madam, inji yake zagi."

Ta dafa hannuna tana murmushi. "Na gane. Ba komai kuke faɗa wa baƙi ba."

Armel yana tsaye a bayanmu. Na ga idonsa, na san akwai magana.

Kafin mako ya zagayo, hoton Kawu ya hau shafin jirgin a intanet, an rubuta a ƙasa wai shi ne na ƙarshe a zuriyar masu kiran shak. Da aka nuna masa, ya ce shi ba ruwansa da wannan shirme, shi da yake buga ƙararrawar coci a garinmu duk Lahadin da yake gida. Kwana biyu yana ƙi. A rana ta uku Armel ya ce masa ai mai kiran shak ba ya wanke matatar mai, kuma a teburin baƙi yake cin abinci.

Kawu ya tambaye ni da yarenmu, "Teburin da ake kai naman sa?"

Na ce, "Shi, Kawu."

Ya ce, "To, ai ba laifi ba ne mutum ya ɗaga hannu."

Armel ya yo masa odar kaya daga wani shago a birnin Papeete da ke ɗinka wa 'yan rawar otal: rawanin ganye na roba, zanen ɗaurawa ja, sarƙar haƙoran da ban san na wace dabba ba ne, da ƙaton ƙahon katantanwa. Kawu bai iya busa ƙahon ba. In ya hura, sai ka ce alade ne mura ta kama. Baƙi sukan rufe ido su saurara.

Addu'ar kuwa, da farko sunayen kayan inji yake jerowa, yana jan murya. Da suka ƙare masa ya koma kan maƙwabtansa na gida da suke rigimar iyakar gonar kwakwa, yana kiran kowa da sunansa da na uwarsa. Wata rana abincin rana ya karanto musu, ɗanyen kifi da madarar kwakwa, shinkafa, gwanda. Tihoti kuku ya cusa tsumma a baki a cikin kicin, har sai da na shiga na duba ko lafiya.

Su shak ba sa jin yarenmu. Abin da suka sani shi ne ruwa. In teku ta fara turo ruwa mai haske cikin mashiga, sai su taru ɗari-ɗari suna fuskantar igiyar. Ina da takardar da ke nuna lokacin cika da janyewar ruwa, a jikin bangon ɗakin tuƙi take. Ni nake dubawa in ce wa Kawu bakwai da rabi, shi kuma ya busa ƙahonsa bakwai da minti ashirin. Mu shiga, mu tarar da shak, mu fito, a rungume Kawu. Ni a miƙo mini takalman roba in wanke.

Ban damu sosai ba. Kawuna ne, kuma ya yi ƙiba ya yi haske. Sai a wata na huɗu, wata safiya ya same ni ina duba takardar.

Ya ce, "Teroro, yau ba bakwai ba. Sha ɗaya."

"Sha ɗaya ruwa yana fita, Kawu. Duk ƙurar tafki zai kwaso."

"Sha ɗaya."

"Wa ya ce?"

Ya ɗora hannu a kan tumbinsa. "A jikina na ji."

"Kawu, ni ce fa. Ni nake faɗa maka lokaci."

Ya dube ni da tausayi. "Kina faɗa, ɗiyata. Amma kin taɓa tambayar kanki me ya sa kullum yake yin daidai?"

Na kai ƙara wurin Armel. Ya ce baƙi tsohon suka zo gani, ba takardata ba. Na ce ba zan sa mutum goma sha biyu a tsakiyar mashiga ruwa yana fita ba, sai dai ya nemi wata. Muka daidaita a kan in kai su gefe, inda igiya ba ta da ƙarfi. Minti hamsin muka yi a cikin ruwa kamar kunu. Ba mu ga komai ba sai yashi da irin ƙananan kifayen da muke soyawa da safe.

Na zaci maganar ta ƙare ke nan. A teburin rana Kawu ya ƙi taɓa abinci, ya sunkuyar da kai, ya ce in fassara musu cewa akwai wanda ya ɓata wa teku rai a cikin jirgin nan.

Can sai wani likitan haƙori daga birnin Munich na Jamus, Dakta Lothar, mutum mai kamala da bai cika magana ba, ya ajiye cokali ya miƙe. Ya ce shi ne. Ya ce tun ranar farko yake fitsari a cikin rigar robarsa.

Ban san mai nutso ko ɗaya da ba ya yi ba. Amma da likita ya buɗe ƙofa, kowa ya shigo. Wata 'yar Ingila ta je ɗaki ta ɗauko katantanwar da ta tsinto a teku ta ɓoye a cikin safa. Wani ɗan Kanada da ya cika mu da labarin nutso ɗari biyar ya ce gaskiya arba'in ne da biyu. Matarsa ta ce ita tun asali ba ta son teku, duwatsu take so, kuma shekara tara ke nan tana son ta faɗa. Kawu yana zaune yana gyaɗa kai kamar yana jin Turanci. Da suka gama ya yanke hukunci cewa kwana uku ba mai shan askirim, a riƙa kawo masa ya miƙa wa teku. Ni na ga inda ya miƙa shi, a bayan ɗakin tuƙi, da babban cokali.

Washegari injin cika tulu ya mutu. Tun da Kawu ya koma teburin baƙi, Tihoti aka bar wa injin, shi kuwa Tihoti man girki kawai ya sani. Armel ya roƙi Kawu ya duba. Kawu ya ce hannunsa ya daina taɓa baƙin mai, kuma ko zai taɓa, bel ne ya tsinke, babu wani a jirgin. Wuri mafi kusa da za a sami bel shi ne tsibirinmu, wurin mai janareton shagon kwakwa.

Tun da aka juya kan jirgi Kawu ya ce cikinsa yana ciwo, a ɗaki zai zauna. Amma Armel ya riga ya sanar da baƙi cewa za su raka mai kiran shak ƙasar kakanninsa, sun caja kyamarori. Haka aka sa shi a gaban kwalekwale da rawaninsa da jan zanensa. Ranar Asabar ce, jirgin kaya ya zo, duk garin yana kan gadar da jirage ke tsayawa ana sauke buhunan fulawa da katan-katan na kaji.

Mama Ruita, matar Kawu, tana tsaye a kan gaba da laima. Ita ce shugabar mawaƙan coci, kuma ba ta buƙatar lasifika. Ta bar shi ya hau gada, ta zaga shi sau ɗaya, ta taɓa ganyen robar da ɗan yatsa.

Ta ce, "Mahinui, ina wandonka?"

"Ruita, a gida ma yi magana."

"A nan za mu yi, tunda a nan ka zo tsirara. Ashe gaskiya ne abin da jikar maƙwabcinmu Tuhoe ta nuna mini a waya. Na ce ƙarya ne, mijina makanike ne. Kai ne mai kiran shak? Kai da karen gidanmu ma in ka kira shi ba ya zuwa?"

Masu sauke kaya suka ajiye buhuna. Baƙi suka matso da kyamarori, fuskokinsu cike da ladabi. Armel ya raɗa mini da Faransanci, "Ki ce tarba ce ta gargajiya."

Na dube shi, na dubi yatsuna da suka yi fari saboda wankin takalman mutane. Sai na juya ga baƙi na fara fassarawa, kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba. Na fassara maganar wando, na fassara ta kare. Na fassara inda ta ce shekara talatin da bokiti yake wanka don tsoron ruwa ya shiga kunnensa, da inda ta ce kakansa ba boka ba ne, tela ne, ɗan Sin ma ya koya masa. Da ta ce gobe Lahadi zai tsaya gaban jama'a ya yi bayani kafin ya taɓa igiyar ƙararrawa, na fassara wannan ma. Ɗaya bayan ɗaya kyamarori suka sauka.

Dakta Lothar ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya ce, "Ke nan maganar fitsarin babu komai?"

Na ce, "Babu komai, Dakta. Ka dai riƙa ɗauraye rigar."

Da yamma Kawu ya dawo jirgi da tsohon gajeren wandonsa da bel a hannu. Minti arba'in ya yi a ɗakin inji, injin ya tashi. Ba wanda ya ɗauke shi hoto. Ranar Litinin na kai su mashiga a lokacin da takarda ta nuna, muka tarar da shak sun fi ɗari biyu, ruwa garau kamar gilashi. Da muka fito 'yar Ingilar nan ta ce ya yi kyau, amma ba kamar da ba, akwai abin da ya ɓace. Ɗan Kanada ya rubuta a shafin jirgin cewa ma'aikatan ba su da fara'a, musamman mai jagorar nutso.

Armel bai kore ni ba, don babu wanda ya san mashigan nan kamar ni. Wata guda ya yi ba ya gaishe ni. Sannan ya ɗauko wani daga Papeete mai suna Raimana, ɗan rawa a otal, dogo, ƙirji kamar ƙofa, zane a fatarsa tun daga wuya har idon sawu. Shi ya iya busa ƙaho. Kuma abin da yake rerawa waƙar mutanen da ce ta gaske, a makarantar al'adu ya koya, har da takardar shaida.

Safiyar da ya fara, na sauka ɗakin inji ɗaukar tulu. Na tarar da Kawu ya kashe injin, ya kafa kunnensa mai lafiya a jikin ƙofa yana saurare. Ya daɗe a haka, sannan ya girgiza kai ya ɗauki sifana.

Ya ce, "Ba haka ake yi ba. Ko hannu bai iya ɗagawa ba. Yaran yanzu duk sun lalata al'ada."